Kurakuran da Ake Yi Wajen Neman Maganin Ƙurajen Fuska ta Hanyar Abinci

Da zarar ƙuraje sun fito wa saurayi ko budurwa a fuska, abin da ake fara zargi shi ne gyaɗa, sai a hana shi ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da duk abin da aka soya da mai. Wannan shi ne kuskure mafi yaɗuwa, domin man da mutum ya ci ba shi ne yake fitowa ta fuskarsa ba. Maiƙon fata wasu ƙananan jakunkuna da ke gindin gashi ne suke samar da shi, kuma sinadaran balaga ne suke ƙara musu aiki. Idan maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashi, sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura ya zama ƙurji.

Abincin da bincike ya fi nunawa da yatsa shi ne wanda yake ɗaga sukarin jini cikin gaggawa: lemon kwalba, farin burodi, farar shinkafa, alewa, da shayin da aka zuba wa sukari cokali huɗu. Irin wannan abinci yana sa jiki ya fitar da insulin mai yawa, wato sinadarin da yake daidaita sukarin jini, shi kuma ya ingiza fata ta ƙara maiƙo. A wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a shekarar 2007, samarin da suka yi mako 12 suna cin abincin da ba ya saurin ɗaga sukari sun samu raguwar ƙuraje fiye da waɗanda suka ci gaba da cin abincin da suka saba. Abin takaici ne a ga mutum ya ƙaurace wa gyaɗa, mai gina jiki, alhali kullum yana shan lemo kwalba biyu. Gyaran shi ne a rage zaƙi, a yawaita wake da alale da ganye irin su zogale da rama, a kuma haɗa shinkafa da wake da kayan lambu maimakon a ci ta ita kaɗai.

Kuskure na biyu ya shafi madara. An ga alaƙa tsakanin yawan shan madarar shanu da ƙuraje, musamman wadda aka cire wa mai, haka kuma garin furotin na madara da masu ɗaga ƙarfe suke sha yakan tayar wa wasu da ƙuraje har a baya da ƙirji. Amma wannan bai isa dalilin da zai sa yaro mai girma ya bar fura da nono gaba ɗaya ba.

Akwai kuma rashin haƙuri. Mutum yakan bar abu goma a lokaci guda, bayan kwana biyar ya ce babu amfani. Fata ba ta sauyawa da wannan saurin. A bar abu guda tsawon mako 8 zuwa 12, a riƙa lura, sannan a yanke hukunci.

Mafi hatsari shi ne ɗora wa abinci laifin da ba nasa ba. Da yawa daga cikin man bilicin da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, irin su clobetasol, kuma ƙwayar dexamethasone da wasu mata suke sha don su yi ƙiba ita ma tana fesa ƙuraje a fuska da ƙirji. Wanda yake amfani da waɗannan, ko ruwa kaɗai yake sha ƙurajensa ba za su lafa ba, kuma wanda ya daɗe yana shan ƙwayar kada ya daina kai tsaye sai da jagorancin likita.

Idan ƙurajen manya ne masu zafi, ko sun fara barin baƙin tabo da rami, gyara abinci kaɗai ba zai wadatar ba. A daina matsa su da farce, a je wurin likitan fata, wanda zai iya rubuta magani irin su benzoyl peroxide ko adapalene, a ci gaba da rage zaƙin tare da maganin.