Yadda ake kirɓa sakwara mai danƙo babu gudaji

Uwargida, tun a kasuwa sakwara take fara gyaruwa ko lalacewa. Idan doyar da aka sayo mai ruwa ce, ko ƙarti biyu kika sa a bakin turmi abin da zai fito ba zai tsaya ba. Don haka kafin mu je ga turmi da taɓarya, bari mu ɗan daɗe a wurin mai doya.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya, kusan kashi biyu cikin uku na wadda ake nomawa daga nan take fitowa. Motocin da ke sauke ta a kasuwanninmu na Arewa galibi daga Binuwai, Taraba, Nasarawa da Neja suke ɗauko ta, daga irin su kasuwar Zaki Biam da Ɗan Anacha da yankin Paiko. A can sakwara ba abincin marmari ba ce. Wajen Tibi ita ce abincin da ake tarar baƙo da shi, haka a ƙasar Ekiti, su kuma Ibo har biki suke yi wa sabuwar doya a wajejen watan Agusta kafin a fara cinta. Mutanen da suka girma da ita haka ba sa sayen doya da ka, mu ma bai kamata mu yi ba.

Farar doya za ki nema, kuma tsohuwa, wato wadda ta kwana biyu a ajiye bayan an tone ta. Ruwan jikinta ya ragu, ta yi gari, ta ɗan yi zaƙi, ita ce ke ba da danƙon da ake so. Sabuwar doya, wadda ke shigowa kasuwa daga Yuli zuwa Satumba, ruwa ne fal a cikinta. Ga kyau a ido, amma sakwararta saki take yi. In ita kaɗai ce a kasuwa, ki sayo ki ajiye ta a inuwa inda iska ke shiga na wasu kwanaki kafin ki yi amfani da ita. Irin doyar nan mai yauƙi idan an yanka, wadda cikinta kan yi ruwan shunayya a gefe, ki bar ta, ba ta sakwara ba ce. Ki ɗaga doyar ki ji nauyinta, ki danna jikinta daga kai har gindi, in yatsanki ya lotsa a wani wuri to ta fara ruɓewa daga ciki. Ki roƙi mai doya ya ɗan kankare bawon da farce. Fari tas kike so ki gani, mai ɗan bushewa, ba mai tsattsafo da ruwa ba. Matsakaiciyar doya guda, kamar kilo 2, tana isar mutum 3 ko 4.

Miya za ki fara haɗawa. Wannan shi ne abin da masu koyo suka fi tsallakewa, kuma ni a wurina ba abin sassauci ba ne: miya tana iya jiran sakwara, sakwara ba ta jiran miya. Ki gama agushinki ko ogbono ko kuɓewa, ki sauke, sannan ki taɓa doya.

Ki yanke kan doyar ki ajiye gefe, domin wurin yana da tauri da ɗaci, kuma shi ne uban gudaji. Ki fere sauran, ki bi duk wani baƙin tabo ko jan wuri ki ƙwaƙule shi da bakin wuƙa. Ki yayyanka daidai wa daida, kada wani ya fi wani girma sosai, don su nuna tare. Kina yankawa kina jefawa cikin ruwa, in ba haka ba iska za ta canja mata launi. Ki wanke sau biyu har ƙasa ta fita. Idan doya na sa miki ƙaiƙayi, ki shafa ɗan manja a hannu kafin ki fara, kuma kada ki bari ruwanta ya taɓa miki damtse.

Ki zuba a tukunya da ruwan da zai ɗan rufe kanta kawai. Babu gishiri, babu sukari. Ki rufe ki bar ta minti 20 zuwa 25 bayan ta tafasa, gwargwadon girman yankan. Ki soka cokali mai yatsu a yanki mafi kauri, in ya shige har tsakiya babu turjiya to ta yi. Wadda ba ta nuna ba gudaji za ta ba ki, wadda ta zarce ta sha ruwa kuma za ta caɓe. Kafin ta nuna ki wanke turmi da taɓarya sosai, ki ɗauraye su da ruwan zafi don kada sanyin icen ya kwashe zafin doyar. In da hali turmin sakwara ya zama nasa daban. Turmin da aka daka yaji ko daddawa a ciki ba ya sakin ƙamshinsu da wanki ɗaya, sakwara kuwa duk abin da ta tarar ɗauka take yi.

Yanzu aka zo wurin aikin. Ki tsiyaye ruwan dahuwar a kwano ki ajiye kusa, ki bar ɗan kaɗan a gindin tukunya, ki rage wuta can ƙasa, doyar ta zauna cikin tururinta. Kada ki juye ta duka a turmi. Yanki 3 ko 4 za ki ɗauko, ki mayar da murfi, ki fara murƙushe su da kan taɓarya kina dannawa kina ɗan murzawa a jikin turmin. Sai sun farfashe babu sauran dunƙule za ki ƙaro wasu. Haka za ki yi ta yi har ki kusa cinye tukunyar, amma ki rage yanki 2 a ciki, za su yi miki rana.

A duk wannan lokacin ko ɗigon ruwa kada ki sa. Doya mai zafi tana mutuwa a ƙarƙashin taɓarya cikin sauƙi, amma da zarar ruwa ya shiga kafin ta mutu, ƙananan gutsattsarin sai su riƙa zillewa suna yawo cikin laushin, taɓarya ba ta ƙara kama su. Gudajin da ake tsinta a baki daga nan yake. Haka ma idan ta huce. Shi ya sa ba a fara kirɓi a tafi amsa sallama.

Da ta mutu duka sai ki shiga kirɓi na sosai, da ƙarfi, a tsakiya. Za ki ga farko tana warwatse kamar dambu, can sai ta fara haɗe kanta, ta fara bin taɓarya sama in kin ɗaga. Ƙarar ma canjawa take yi, daga bugun ice a kan ice zuwa wani tim-tim mai nauyi. A nan ne ruwa ke shiga. Ki tsoma kan taɓaryar cikin ruwan dahuwar nan, ko ki yayyafa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, kina kirɓawa tsakanin kowane yayyafi. Ki jiƙa hannu ki tattaro wadda ta manne a gefe zuwa tsakiya, ki kifa ta, ki ci gaba. In ku biyu ne, ɗaya na kirɓi ɗaya na juyi, to ku daidaita tsakaninku, mai juyi ba ta sa hannu sai taɓarya ta tashi sama. Ki gutsuro kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu. In kin ji sumul, kin ja ta miƙe kafin ta tsinke, kuma jikinta na ɗan sheƙi, ta yi. Doya guda ba ta wuce minti 10 zuwa 15.

Idan ruwa ya yi yawa ta saki, ɗauko yankan nan da kika rage, ki murƙushe su a gefen turmin su mutu tukuna, sannan ki haɗe su da sauran. In tauri ta yi, ruwan zafi ne maganinta, ba na sanyi ba. Ki tuna kuma tana ƙara tauri in ta sha iska, don haka ki sauke ta da ɗan laushi fiye da yadda kike son cinta.

Wadda ba ta da turmi, ko take zaune a bene inda maƙwabtan ƙasa za su ji a jikinsu, injin nan na kicin mai faffaɗan kofi da wuƙa a ƙasa yana yin aikin. Doya da zafinta, kaɗan-kaɗan, ana kunnawa ana kashewa, kada a bar shi ya yi ta gudu har ta koma gam. Blenda mai dogon kofi ba ta dace ba, sai an cika mata ruwa take juyawa. Garin sakwara na leda kuwa yana fitar da mutum kunya ranar gaggawa, amma ki duba bayan ledar, da yawansu akwai haɗin sitaci ko garin dankali ko shinkafa, kuma wanda ya san ta turmi a loma ɗaya zai gane.

Ki jiƙa mara ki kwashe, ki mulmula malmala da jiƙaƙƙen hannu, ki jera a kula in ba nan take za a ci ba. Ni dai na fi son ta da agushi mai ganye da busasshen kifi, saboda miyar tana da jikin da za ta riƙe lomar, amma ogbono da kuɓewa sun fi sa ta wuce maƙogwaro, su suka fi dacewa da yara da tsofaffi. Abinci ne mai nauyi, ya fi kyau da rana a kan dab da kwanciya, mai ciwon sukari kuma ya rage malmala ya yawaita ganye. Wadda ta kwana, ki yayyanka ta ki turara a madambaci har zafi ya ratsa ta, sannan ki mayar turmi ki ɗan sake kirɓawa da yayyafin ruwan zafi.