Darasi na Takwas: Sassaben Zamani, Renon Itatuwan da Ke Cikin Gonarka

Kowace shekara idan bazara ta kama, manomi yakan ɗauki adda da gatari ya tafi sassabe. Ya sare sabara, ya sare kalgo da geza, ya tara su ya cinna wuta, gona ta yi fes. Kafin kaka sun sake tohowa. Baɗi ma haka. Me ke dawo da su alhali ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ba su ruwa?

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke kira ƙaramin sabara ko ɗan kalgo, sau da yawa tohon tsohon kututture ne. An sare bishiyar tun tuni, amma saiwarta tana nan da rai, ta nutsa har inda laima take. Wani kututturen ya girmi mai gonar. Dashen da aka ɗauko a leda sai ya yi sabuwar saiwa, sai an yi masa ban ruwa da shinge, kuma duk da haka da yawa ba sa tsallake ranin farko. Shi kuwa toho yana da saiwarsa tun asali. Abin da ya rasa kawai shi ne a bar shi ya tashi. Wannan darasi zai koya mana yadda ake zaɓen toho, a gyara shi, a kare shi har ya koma bishiya. A ƙasar Maradi wannan aiki ake kira sassaben zamani.

Inda aka gwada aka gani

Barin itace a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gonakin karkarar Kano cike suke da ɗorawa da kuka da tsamiya tun kaka da kakanni, kuma yankunan Magarya da Matamai da Mirriya a jihar Damagaram sun yi suna da gawo. Amma bayan farin 1973 da na 1984 wurare da yawa sun koma fili fetal, iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aikin renon kututture tare da manoman Maradi. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazantu. Da aka ga suna samun itacen girki da abincin dabba a gonarsu, kuma gero bai ragu ba, sai maƙwabta suka bi sahu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa aikin ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Kusan duka ba dasa su aka yi ba.

Kayan aiki da lokaci

Ba a bukatar sayen komai. Adda ko lauje ko wuƙa mai ƙarfi, ƙaramin gatari, dutsen wasa wuƙa, da tsummoki masu launi, musamman ja. Sharaɗi ɗaya ne: kayan su zama masu kaifi. Adda dakusasshiya ba ta yanka, farfasawa take yi.

Ana iya aikin daga bayan girbi har zuwa faɗuwar ruwa. Lokacin sassabe ya fi dacewa, domin dama mutum yana gona da addarsa. Da rani kuma ciwon yanka yakan bushe da wuri, ba ya ruɓewa kamar a tsakiyar damina.

Zaɓen kututture

Kafin ka sari komai, ka zagaya gonar daga wannan iyaka zuwa waccan. Ka duba irin itatuwan da ke tohowa. Kada ka yi wannan zagaye kai kaɗai. Ka tafi da uwargida ko wata dattijuwa, domin mata sun fi sanin icen da ke ci da kyau a murhu, da wanda ake miya da shi, da wanda ake magani.

Gawo shi ne na farko a wajen manomi. Halinsa daban yake da sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabo da rani. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. 'Ya'yansa abincin tumaki da awaki da shanu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka kwanta a inuwarsa kuma su bar kashi a wurin. Duk wanda ya lura ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kauri da zangarniya. Kalgo yana ba da 'ya'ya ga dabbobi, ana igiya da ɓawonsa. Sabara da geza suna tare iska, suna ba da makamashi da wuri. Magarya da aduwa da kurna da kanya 'ya'yansu na shiga kasuwa. Idan ka dace da ɗan kuka ko ɗorawa ko ƙirya ko marke, ka riƙe shi hannu biyu, domin sun yi wuya a wurare da yawa. Darbejiya da turare kuwa a bar su a bakin iyaka ko gefen hanya. A tsakiyar gona suna takura wa shuka.

Guda nawa za a bari? Wanda zai fara, ya fara da kimanin 40 a hekta ɗaya. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Idan ka bar tazarar mita 16 tsakanin wannan da wancan, kamar taku 20 na tafiyar babban mutum, za ka samu kusan 40 ɗin. Wanda ya saba, kuma itatuwansa ƙanana ne irin sabara da kalgo, yana iya rage tazara zuwa mita 10, taku 13, ya samu 100. Ba dole su jeru kamar sahu ba. Inda kututture yake, nan za ka bar shi.

Gyaran toho

A nan aikin yake, sai a natsu. Kututture ɗaya yana iya fitar da toho ashirin ko fiye. Dukansu saiwa ɗaya suke sha, shi ya sa babu wanda ke tsawo. Ka zaɓi guda uku zuwa biyar waɗanda suka fi kauri, suka fi miƙewa, ba su da tabon ƙwari ko na wuta. Sauran ka yanke su daf da gindi. Abincin da ashirin ke rabawa yanzu ya koma na biyar.

Me ya sa ba za a bar ɗaya tak ba? Domin akuya na iya karya shi, iska na iya kayar da shi, wani na iya sare shi, shi ke nan aikin shekara ya tafi. Idan biyar ne, ko an rasa biyu akwai saura. Ɗan gawo ko ɗan kuka da ya tsiro daga iri shi ne ake bari da kara ɗaya.

Sai ka koma kan waɗanda ka zaɓa. Ka cire ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsa, kada ka wuce. Idan tohon ya kai ƙirjinka, ka gyara shi zuwa wajen cinya, ka bar na sama. Ga kuskuren da aka fi yi: mutum ya aske shi tas, ya bar ɗan tukku a kai. Irin wannan yakan yi tsawo siriri, ba ƙarfi, iskar farkon damina ta karya shi. Ganye kuma shi ne ke dafa wa bishiya abinci. Idan ka kwashe shi girma ya tsaya.

Wajen yanka, ka riƙe reshen da hannu ɗaya, ka sara daga ƙasa zuwa sama. Idan ka saro daga sama, nauyin reshen zai ja ɓawo ya ɗaye shi har jikin kara, nan ne gara da ƙwari da ruɓa ke shiga. Ka yanka kusa da jiki amma kada ka ci jikin, kada kuma ka bar dogon guntun reshe a tsaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wanda ya karkace, ka kafa masa sanda ka ɗaure da igiyar kalgo, ɗauri sako-sako don kada igiyar ta shige cikin ɓawo.

Abin da ka yanke kada ka ƙone shi. Masu kauri a kai gida. Masu ƙaya, irin na magarya da aduwa, a kewaye gindin da su, su zama shinge. Ganye da ƙananan rassa a shimfiɗa su a inda ƙasa ta yi faƙo. Za su tare rairayin da iska ke ɗauka, gara kuma za ta ci su ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga.

Daga ƙarshe ka ɗaura jan tsumma a kan kowane. Alama ce ga mai wucewa cewa wannan icen yana da mai shi.

Bayan wata biyu zuwa shida ka sake zagayowa, domin sabon toho zai fito a gindi, sai an cire shi. Da damina kuma ka buɗe ido wajen noma. 'Ya'yan gawo da dabbobi suka ci suna tsirowa daga cikin kashinsu, musamman a gonar da makiyaya suka kwana. Fartanya da garma sun kashe ƙananan gawo ba adadi. Duk wanda ka gani ka kafa masa tsinke, ka nuna wa yara da 'yan ƙodago.

Yaushe za a fara mora?

Daga shekara ta biyu ko ta uku, gwargwadon irin icen da ruwan da aka samu, kana iya sare kara ɗaya daga cikin biyar kowace shekara, ka bar wani sabon toho ya maye gurbinsa. Mafi kyawunsu kada ka taɓa shi, shi zai zama uwar bishiya. Idan inuwa ta fara yawa, ka rage rassan ƙasa kafin shuka. Idan kawunan bishiyoyi suka fara haɗuwa, ka rage wasu. Masu tsoron tsuntsaye ma maganinsu ke nan: bishiyar da ake rage wa rassa ba ta yin duhun da jan baki ke son sauka.

Aikin gari ne

Duk abin da muka faɗa a sama mutum ɗaya zai iya yinsa. Kariya ce ba ta yiwuwa ga mutum ɗaya. Bayan girbi ana sakin dabbobi, masu neman itace suna bi gona-gona, mai gona kuwa wataƙila ya tafi cin rani. Idan ya dawo ya tarar an sare abin da ya rena shekara biyu, ba zai sake ba, maƙwabcinsa ma ba zai fara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka kafin a fara, a kira taro a ƙofar mai gari. A tabbata an gayyaci mata, da matasa, da limami, da arɗon Fulani da sauran makiyayan da ke ratsa yankin. Barin makiyaya a baya babban kuskure ne. Dokar da aka yi ba da su ba, ba za su ji nauyinta ba, alhali suna cikin waɗanda suka fi amfana da 'ya'yan gawo da kalgo. Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye a jihar Maradi ya yi suna a wannan aiki saboda kwamitin sa ido da mutanen gari suka kafa da kansu, maza da mata.

A taron a tsayar da magana a kan waɗannan, a rubuta, a karanta wa kowa: wa ke da ikon sarar itace a gonar wani, yaya makiyayi zai ɗebi ganye ba tare da ya datse kan bishiya ba, ina burtali ya bi, don kada a toshe shi, nawa ne tarar wanda aka kama, kuma wa zai riƙe kuɗin. Tarar ta zama wadda za a iya biya, kuma ta hau kan kowa, ko ɗan mai gari ne. Ranar da aka ɗaga wa wani ƙafa, ranar dokar ta mutu. A kuma ware wurin da matan da ba su da gona za su samu makamashi, in ba haka ba dole ce za ta kai su ga sara.

Wanda yake noma gonar aro ko haya ko jingina ya nemi yardar mai ita tukuna, a gaban shaidu, a faɗi wanda zai mallaki itatuwan. Kwamitin sa ido da gari zai kafa kuma ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya sanar da su aikin. Akwai itatuwan da doka ta hana sarewa sai da izini, a Nijar gawo na cikinsu, don haka gara a san ƙa'ida tun kafin ranar da za a so mora.

Saura wuta. Gobara ɗaya tana cinye aikin shekara uku cikin yini guda. A share ciyawa da kara daga gindin kowane toho, kamar taku biyu ta kowane gefe. Inda gonaki suka haɗu da daji, a yi gayya da zarar ciyawa ta fara bushewa a share hanyar tare wuta, faɗinta kada ya gaza taku goma sha biyar. Inda ciyawa ta yi tsawo a ƙara. A ja kunnen masu farautar gafiya da ɓera da wuta, da masu ɗiban zuma.

Karatu da rubutu

A karanta waɗannan da ƙarfi, sannan kowa ya rubuta su sau uku: kututture, toho, saiwa, ɓawo, ƙaya, gawo, burtali. A lura da lanƙwasar ɓ da ƙ.

Lissafi

Manomi yana da gona hekta 3. Ya bar kututture 40 a kowace hekta. Nawa ke nan duka? Idan ya bar toho 5 a kan kowanne, toho nawa ya bari? Idan a shekara ta uku ya sari kara ɗaya daga kowane kututture, sanduna nawa zai kai gida?

Aikin wannan mako

Ɗalibai su rabu huɗu-huɗu. Kowace ƙungiya ta zaɓi gonar ɗaya daga cikinsu, ta ƙirga kututturan da ke tohowa, ta rubuta sunan kowane iri da yawansa. Sannan ta gyara guda goma yadda aka koya, ta ɗaura musu tsumma. A zo da takardar ƙirgen aji na gaba, tare da reshe ɗaya da aka yanke, domin malami ya duba bakin yankan.