Ɗan kwikwiyo a sabon gidanka na Yamai: me za ka zuba masa a kwano?

Wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya kama haya a Yamai, musamman a unguwannin bakin gari inda tsakar gida ke da faɗi kuma maƙwabta ba su cika ba, da wuya ya daɗe ba a yi masa tayin ɗan kwikwiyo ba. Mai gadi zai ce karyar wani ta haihu, ko yaran unguwa su kawo shi cikin kwali. Yawancinmu ba mu tashi da kare a gida ba, iyakar saninmu kare na cin ragowar tuwo. Babban kare yana iya lallaɓawa a haka. Kwikwiyo kuwa a watannin nan ake gina ƙashinsa, kuma abin da ya rasa yanzu da wuya ya samu gyara daga baya. Don haka ɗan'uwa, in ka san ba za ka iya ɗora masa tukunyarsa daban ba, kada ka karɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fara da tambayar kwanakinsa. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. Yana fara lasar abinci mai ruwa-ruwa tun yana mako 3 zuwa 4, amma nonon uwa ne jigonsa har yaye. In an riga an kawo maka shi da wuri, kada ka ɗura masa madarar shanu ko ta gwangwani, yawanci zawo take sa su, kuma zawo a zafin Yamai yana ƙarar da ɗan ƙaramin jiki cikin yini guda. Kai shi wurin likitan dabbobi ya nuna maka madarar da ta dace.

Babbar matsala tana cikin tukunyarmu. Kusan kowace miya da muke yi akwai albasa, sau da yawa har da tafarnuwa, kuma su biyun suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu. Ba ranar da ya ci za ka gani ba. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Ga gishiri da dunƙulen magi da barkono da ba a yi su don cikinsa ba. Akwai masu cewa a ba kare barkono ko a bar shi da yunwa don ya yi zafi. Wannan zalunci ne kawai, kuma karen da aka azabtar yana ƙarami, yaran gida yake fara ciza kafin ɓarawo. Goro, shayi, gahawa, cakulan, inibi da busasshensa duk guba ne gare shi. A Yamai kusan kowace ƙofar gida akwai fadar samari da butar shayi a kan gawayi, ana gamawa a juye ganyen a ƙasa. Kwikwiyo kuwa ba ya wuce abu bai lasa ba. Ka roƙi yaran su riƙa zubarwa nesa da shi.

Hanya biyu ce a gabanka: ko ka sayi busasshen abincin karnuka na buhu, ko ka dafa masa a gida.

Na buhu ana samunsa a manyan kantunan tsakiyar gari da wasu shagunan maganin dabbobi. Daga waje ake shigo da shi, don haka yana da tsada, kuma rubutunsa galibi da Faransanci ne. Nemi “chiot” ko “junior”, wato na kwikwiyo, sannan “aliment complet”, ma'ana ya wadatar shi kaɗai. In ka ga “complémentaire”, ɗan ƙari ne kawai, ba a rainon kwikwiyo da shi. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ba ta yarda furotin, wato sinadarin gina jiki, na abincin kwikwiyo ya gaza kashi 22.5 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, saboda haka duba lambar da ke gaban “protéines”, ka kuma ga ko nama ko kaza ko kifi ne a farkon jerin kayan haɗin. Duba ranar lalacewa. Buɗe ka sansana: in ya yi warin tsohon mai, bar shi. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kitsen da ke ciki yana saurin ɓaci, da damina kuma fumfuna ce abin tsoro. Gara ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, a juye shi a bokiti mai murfi a ajiye a inuwa. In wani ya buɗe buhu yana auna maka da tiya, ba ka san ranar da aka buɗe shi ba, ni dai ba na saye.

Dafawa a gida ita ce ta fi dacewa da aljihun mafi yawanmu, kuma Yamai garin nama ne. Hausarka za ta fisshe ka wurin mahauta, sai dai ka koyi lissafin nan: dala sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. Ka saba da mahauci guda, ya riƙa ware maka yanke-yanken nama, zuciya da tumbi. A dafa da shinkafa ko gero har su yi lugub, a sa kabewa ko karas ko dankalin Hausa, ba gishiri ba yaji. Kada hatsi ya rinjayi nama. Dafaffen ƙwai yana da kyau, haka kifin kogin Kwara in an dafa an zare ƙaya tsaf. Hanta kaɗan-kaɗan, don yawanta na cutarwa. Ɗan cokalin kindirmo marar sukari ba laifi in cikinsa ya karɓa, amma ban da fura, saboda kayan yajinta. Masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kada ka ce “a ba kare”. Gubar cikinsu hantarsa take kashewa.

Sai dai akwai tarkon da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Nama da hatsi ba su da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Na ga kwikwiyon da maigidansa bai taɓa hana shi nama ba, gashinsa har sheƙi yake, amma ƙafafunsa na gaba sun gwame, yana taka ƙasa da gefen dagi, in ya diro daga dakali sai ya yi ƙara ya kwanta. Jikin ne ya riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashin har ya yi laushi. Ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka shanya, aka daka ya yi gari, fiye da sulusinsa kalsiyam ne, kuma ba ya cin ko dala. Yawan da za a barbaɗa kuwa likita ne zai faɗa maka bisa nauyin kwikwiyon, don wuce gona da iri ma yana lalata gaɓoɓi, musamman ga manyan karnuka irin na Turai. Mai ba da cikakken abincin buhu kada ya ƙara kalsiyam ko kaɗan.

Lokutan ci suna da sauƙin riƙewa in ka ɗaure su da salla. Har ya kai wata 3, sau huɗu: bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, bayan isha'i. Daga nan zuwa wata 6 sau uku, sannan sau biyu. Abin da bai cinye ba cikin kwata ɗin awa a ɗauke, don jiƙaƙƙen abinci ba ya jure zafin garin nan, kuma firiji ba abin dogaro ba ne lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. Ruwa mai tsafta kada ya yanke, a inuwa, cikin kasko mai nauyi da ba zai kifar ba. Kwanonsa daban da na mutanen gida, wannan ba sai an faɗa wa Musulmi ba. In za ka sauya masa abinci, riƙa gauraya sabon da tsohon kaɗan-kaɗan har mako guda.

Don sanin ko yana ƙoshi, shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙari ƙarƙashin ɗan nama ba tare da ka danna ba. In kuma aka ba ka ɗan karen Azawak, dogon nan siriri na makiyayan arewacin Tawa, kada ka ga ƙashin ƙugunsa a fili ka shiga ɗura masa. Haka Allah ya halicce shi, ƙiba cuta ce gare shi. Ƙaton ciki da ramammen jiki kuwa yawanci tsutsa ce, kuma mai tsutsa ko me ya ci ba ya bin jikinsa. Ana ba da maganinta duk mako 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6. A wata 3 ɗin ne kuma ake yin allurar haukan kare, wadda kariya ce ga 'ya'yanka da na maƙwabta. Amai da zawo mai jini ba na jira ba ne, a kai shi a ranar.

Babbar salla za ta burge ka a garin nan: raguna a shimfiɗe kan itatuwa, an kewaye wuta da su a bakin titi, ana gashi har dare. Ranar ce kuma ta fi haɗari ga kwikwiyo. Gasasshen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, kitse mai yawa yana birkita ciki. In kun ga ƙulli mai ruwa a huhu ko hantar rago, kada a jefa masa ɗanye. Ƙwayar tsutsa ce da ke girma a hanjin kare, ta fito cikin kashinsa, ta kama mutane. A ƙona wannan yanki ko a binne shi da zurfi. Shi kuma a ɗaure shi a inuwa nesa da wurin fiɗa, a dafa masa rabonsa daban kafin a sa wa nama yaji.