Yadda Ƙungiyar Agaji Za Ta Tsara Rahoton Tasirin Aikinta

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, ƙananan ƙungiyoyin unguwa a garuruwa irin su Gadarif, Kassala da Damazin suka ɗauki nauyin ciyar da 'yan gudun hijira a takiyya, wato wurin da ake dafa abinci a raba kyauta. Wani kaso na kuɗin yana zuwa daga 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda, kuma hakkinsu ne su san abin da gudummawarsu ta haifar. Rahoton tasiri shi ne takardar da ke sauke wannan amana.

Kafin a rubuta komai, kwamiti ya zauna ya bambanta abin da aka yi da abin da ya canja. Raba buhunan dawa aiki ne da aka gudanar, amma samun gidan da ke wuni da yunwa ya koma yana cin abinci kullum shi ne tasiri, kuma shi ya kamata ya cika shafin farko. Wannan ba zai yiwu ba sai an rubuta halin da mutane ke ciki tun kafin a soma aikin, ko da a littafin rajista na hannu ne, domin wanda bai auna jiya ba ba shi da abin da zai kwatanta yau da shi.

A wajen ƙidaya ake yawan samun kuskure. Idan takiyya ta raba kwano 300 kullum har tsawon wata guda, jimillar kwano 9,000 ne, amma mutanen ba su kai haka ba, tunda galibi fuskoki ɗaya ne ke dawowa kowace rana. Sai a rubuta adadin kwanuka daban, adadin gidaje daban, a kuma faɗi yadda aka ƙidaya su. A ganina ƙaramin adadi mai hujja ya fi babban adadin da ba zai jure tambaya ba.

Sashen kuɗi yana buƙatar kulawa ta musamman saboda darajar fam ɗin Sudan tana faɗuwa. Duk riyal ɗin da ya shigo, a rubuta ranar da aka canja shi da farashin da aka canja, sannan a nuna yawan kayan da ya saya a kasuwa a wannan makon. Rasidin Bankak, manhajar Bankin Khartum da ake tura kuɗi da ita, a adana shi tare da rasidin 'yan kasuwa. Zakka kuwa a ware ta daga sadaka a cikin jadawalin, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga rukuni takwas, kuma mai fitar da ita zai so ya tabbata ta faɗa inda ya dace. Kuɗin mota da itace da gawayi ma a bayyana su, kada a ɓoye.

Game da hotuna, kada a saka fuskar mabuƙaci ko sunansa sai da yardarsa, musamman mata da marayu, kuma a halin yaƙi ambaton sunan mutum da wurin zamansa yana iya jefa shi cikin haɗari. Hoton tukwane da masu girki ya wadatar.

A keɓe sakin layi ga abin da bai yiwu ba, kamar kwanakin da aka rufe takiyya saboda yankewar kuɗi ko toshewar hanya a damina, tare da matakin da aka ɗauka.

Ƙungiyar da ke da rajista da Hukumar Agajin Jinƙai ta Sudan za ta buƙaci kwafin Larabci. Masu taimako kuma a yi musu gajeren kwafi na shafi biyu zuwa huɗu, mara nauyi, wanda zai buɗu a WhatsApp ko da intanet ba ƙarfi, a haɗa shi da saƙon murya cikin Hausa domin dattawan da sauraro ya fi musu sauƙi.