Ku daina rubuta nau'o'in bayanai da hannu

'Yan uwa masu haɗa manhaja a Yaba da sauran sassan Legas, ga shawara.

In sabarku GraphQL ce (wato tsarin da manhaja ke bi wajen neman bayanai daga saba), ku sa GraphQL Code Generator, kayan aikin da ke rubuta muku kod na nau'o'in bayanai. Ku ba shi sikima (jerin bayanan da saba ke bayarwa da nau'o'insu) da tambayoyin da kuke aika wa saba, shi zai fitar muku da nau'o'in bayanan a yaren kod na TypeScript. Masu Android kuwa, Apollo Kotlin na yin wannan aikin.

Amfaninsa a fili yake. Ranar da mai saba ya canza sunan wani fili na bayanai a sikima, kod ɗinku zai ƙi haɗuwa tun a kwamfutarku, tun kafin manhaja ta kai wayar kwastoma.

Ku sauke sikimar ku ajiye a matsayin fayil cikin Git, ma'ajiyar kod ɗinku. Kada kowane ginin manhaja ya jira intanet, kun dai san halin netwok da kuɗin data a garin nan.

Amma fa akwai inda yake ba da matsala. In kun manta sabunta fayil ɗin, kod ɗinku zai haɗu kamar komai lafiya alhali saba ta canza. Sannan nau'i irin DateTime (kwanan wata da lokaci) yakan fito ba tare da takamaiman nau'i ba, sai kun fayyace shi a sashen scalars na saitin GraphQL Code Generator. Ku kunna saitin strictScalars ya riƙa kama muku wannan.