Darasi na 9: Maganin da ke kwashe ƙarfen da ya yi wa jiki yawa

Toh jama'a, darasin yau na iyayen masu sikila ne da duk wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, amma kowa ya saurara.

Mun saba jin cewa ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kawo rashin jini, haka ne kuwa, shi ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jikin babban mutum gaba ɗaya giram 3 zuwa 4 na ƙarfe ne a ciki. Sai dai jiki ya iya karɓar ƙarfe amma bai da hanyar zubar da rarar, abin da ke fita a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ita kuwa ledar jini ɗaya tak tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250. Ku lissafa da kanku, yaron da ake ƙara wa jini duk wata, ina ƙarfen nan zai je? Ba inda za shi, taruwa yake yi.

Da farko jiki yana ɓoye shi cikin wani sinadari mai suna feritin, idan ma'ajin ya cika sai ƙarfen ya dinga yawo a sake yana lalata ƙwayoyin halitta a hanta da zuciya da gaɓar da ke samar da insulin, daga nan sai ciwon suga, ko yaro ya ƙi girma ya makara wajen balaga, ko zuciya ta gaza. Abin da ya fi damuna da wannan matsalar shi ne shekaru take yi ba ciwo ba zazzaɓi, mutum yana ganin ai garau yake. Shi ya sa likitoci ke auna feritin a jini, galibi in an ƙara leda 10 zuwa 20 ko kuma awon ya haura 1000 sai a fara maganar magani. Hoton MRI ma yana nuna yawan ƙarfen hanta da na zuciya.

Shi maganin aikinsa kamar awartaki ne, ya damƙe ƙwayar ƙarfen ta kowane gefe yadda ba za ta iya ɓarna ba, ya fita da ita ta fitsari ko bayan gida.

Guda uku ne ake amfani da su. Mafi daɗewa shi ne deferoxamine, tun shekarun 1960 ake ba da shi, kuma daga wata ƙwayar bakteriya ake samo shi. Ba a shan shi, ƴar siririyar allura ake sakawa ƙarƙashin fatar ciki a haɗa da ƙaramin inji yana turawa a hankali awa 8 zuwa 12, yawanci da dare, kwana 5 zuwa 7 a sati. Wallahi akwai wahala, wurin yakan kumbura ya yi ƙaiƙayi, sai a dinga canza wajen allurar. Fitsari ya koma ja-ja kar ku tsorata, ƙarfen ne ke fita. Amma a riƙa duba ido da kunne duk shekara.

Deferasirox sau ɗaya ake sha a rana, Amurka ta amince da shi a 2005, ya kawo wa mutane sauƙi sosai, sai dai yana iya taɓa ƙoda da hanta dan haka gwajin jini akai-akai ba a wasa da shi. Yaro in yana amai ko gudawa a dakata a kira likita, rashin ruwa a jiki tare da wannan maganin yana cutar da ƙoda.

Na ukun deferiprone, ƙwayarsa sau biyu ko uku ake sha a rana, ya ƙware wajen ciro ƙarfen zuciya. Haɗarinsa yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, wannan ya sa ake gwajin jini akai-akai, a farko ma duk sati. Ku riƙe wannan da kyau, mai shan deferiprone in ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a tsayar da maganin a tafi asibiti a ranar, ba a jiran gobe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin magani dan an ga mutum lafiya ƙalau, alhali kowace sabuwar leda ƙarfe take ƙarawa. Na biyu kuma, a ga mai sikila ya ɗashe sai a sayo masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba tare da gwaji ba. Dan Allah a daina, likita ne kaɗai zai ce yana bukata. Su ma ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba masu ciki a ajiye su nesa da yara, ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa guba ce, a garzaya asibiti ko da ya nuna kamar ya ware.

Aikin gida: ku samu littafi ku ja layi uku, ranar ƙarin jini, leda nawa aka ƙara, da sakamakon feritin na ƙarshe. Ku tafi da shi duk ranar ganin likita.