Yadda za ka gano ƙarar da injin babban moto ke yi tun kafin a kwance shi

A Damagaram, da zarar babban moto, wato babur, irin na tsere ya fara ƙwanƙwasa, abin da ake fara ji a garaji shi ne: «Patoro, sai an buɗe inji.» Ni dai shawarata, kada ka yarda a kwance ƙusa ko ɗaya sai ka san abu uku: yaushe ƙarar ke zuwa, daga ina take fitowa, kuma me man inji yake nunawa. Yawancin makanikanmu hannunsu ya faɗa ne a kan ƙananan baburan kabu-kabu masu silinda ɗaya. Injin Yamaha R6 ko Honda CBR600RR mai silinda huɗu da bawul 16 wata duniya ce daban, kuma kayansa ba a Kasuwar Dole za ka tsince su ba, sai an aika Kano ko ma gaba da nan.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Tsayar da moton miƙe a wuri mai baje, kada ya jingina a kan ƙafarsa, ka duba mai ta ƴar tagar gilashi ko sandar awo, gwargwadon irin naka. In man ya yi ƙasa, ka cika kafin ka sake tayar da shi. Shinshina shi ma: in yana warin fetur ya tsinke, ba zai riƙe ƙarfe da ƙarfe ba. Daga nan ka bi robobin jiki, da ƙusoshin salansa, da na mazaunin inji, kana taɓawa kana girgizawa. Hanyar laterit tana kwance ƙusa, kuma robar da ta saki tana iya yin ƙarar da za ka rantse daga cikin inji take.

In duk wannan lafiya, sai saurare. Ka yi shi da sassafe, inji da sanyinsa, nesa da hayaniyar titi. Samo dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a jikin inji, marikin kuma a kunnenka. Taɓa sama wajen murfin bawul, taɓa gefe inda sarƙar cikin inji take, taɓa tsakiya wajen silinda, sannan ƙasa. Inda ƙarar ta fi shiga kunne, can matsalar take. Ka dai kula da rawani ko bakin riga, kada su kusanci fanka ko salansa mai zafi.

Ƙarar sama, siririya, tik-tik-tik kamar keken ɗinki, galibi ratar bawul ce ta buɗe. Ba ta gaggawa ba ce, amma a auna. Ratar nan ba ta kai kaurin farce ba, wajen milimita 0.1 zuwa 0.3 take, kowane inji da adadinsa a littafinsa, kuma da sanyi ake aunawa. A irin waɗannan injuna ba ƙusa ake murɗawa ba, ƙananan faifan ƙarfe ake canzawa. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: bawul ɗin da ya yi shiru ƙwarai ya fi mai surutu haɗari, domin in ratar ta matse ba ya rufewa da kyau, sai ya ƙone.

Ƙarar gefe, kacau-kacau kamar ana jan sarƙa a kan kwano, wadda ta fi yawa lokacin tayarwa ko in moto yana tsaye inji na aiki, sarƙar da ke juya sandar bawul ce ta saki, ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Akwai wata mai kama da ita daga ɓangaren kuloci. Bambance su ba wuya: matse hannun kuloci, in ƙarar ta ɗauke, to kulocin ne, kuma sau da yawa ana iya zama da ita.

Wadda ta fi damun mu a nan ita ce ƙarar da ba a ji a garaji ko kaɗan. Moto yana tsaye lafiya lau, amma ka hau hanyar Mirya ko ta Tanut da rana tsaka, kana giya ta biyar ko ta shida gudu bai kai ba, ka murɗa mai, sai ka ji kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa. Wannan ba ƙarfe ne ya saki ba. Fetur ne ke fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a hankali daga tartsatsin buji, wato fulogi a bakin ƴan Najeriya. Dalili kuwa, injin tsere yana matse iska da fetur sau 12 zuwa 13, alhali na kabu-kabu bai cika wuce sau 9 ba. Man da ƙaramin moto zai sha ya yi shiru, babban zai yi ta kuka da shi. Haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan lagireto tun watannin baya.

Gwajinta mai sauƙi ne. In ka ji ta, sauko da giya ɗaya ko biyu. In ta ɓace, ita ce. Sai ka juye man da ke tanki, ka sha na gidan mai. Ba ina cewa duk man kwalba na bakin hanya gurɓatacce ba ne, matatar man fetur ta SORAZ ma ga ta nan kusa da mu tun 2011, amma kwalbar da ta yini a rana, ba ka san me aka haɗa mata ba. Wanke lagireto da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ka tabbata fanka tana tashi in inji ya ɗau zafi. Sannan ka ciro buji. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Fari fat da ɗigo-ɗigo a jikinsa yana nufin silinda na cin zafi, ko fetur bai isa ba, ko iska na satar shiga ta robar da ta tsage. Duba lambarsa kuma, domin an sha saka wa babban moto bujin da ba nasa ba don kawai ya shiga ramin. Kada ka raina wannan ƙara: in aka daɗe ana hawa da ita, tana cinye saman fistin har ta huda shi.

Akwai kuma kwal-kwal daga tsakiya da ake ji da sanyi, in inji ya ɗumi ta ragu. Fistin ne ya sami wuri yana kaɗawa cikin silinda. Alamar tsufa ce, ka fara tanadi.

Ta ƙarshe ita ce ba a wasa da ita. Ƙara ce mai nauyi daga ƙasa, dum-dum kamar ana buga guduma a cikin rijiya, tana ƙaruwa in ka ba da wuta, kuma in mai ya yi zafi ta ƙara fitowa maimakon ta ragu. In fitilar mai ta fara ƙyaftawa tare da ita, kashe inji nan take. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gida, nemi a-daidaita ko amalanke a ɗauke shi. Juye man inji a farin kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka karkata. Ƙyalli launin jan ƙarfe ko na zinariya yana nufin faifan da ke tsakanin hannun fistin da babbar sandar inji ya cinye. Zura maganaɗisu a ciki: baƙin ƙarfe zai manne, jan ƙarfe da alminiyam ba za su manne ba, wannan zai nuna maka abin da ke cinyewa. Yanka matatar man inji ka buɗe takardar da ke ciki, abin da bai fito a kwano ba yana nan maƙale.

A wannan matakin kaɗai ne buɗe inji ya zama dole. Ka tafi wa makaniki da kwanon man da matatar da ka yanka, ka kuma tambaye shi ko yana da makullin auna ƙarfin ɗauri, domin ƙusoshin hannun fistin ba a ɗaure su da ƙiyasi.